Awa Ɗaya da Minti Arba'in

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da Anti da yara. Mu nan lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba. Cikina ya shiga wata bakwai, ƙafafuna sun kumbura har takalmin maigidana nake sawa in tafi makaranta, 'yan ajina kuma suna dariya a ɓoye suna zaton ban gani ba.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda a zamanin waya. Tun da idon Inna ya fara rauni kunnenta ya ƙara kaifi. Ko banɗaki na shiga na kulle na kunna famfo, ina fitowa sai ta ce, "Me Dogo ya ce?" Saƙon waya kuwa ka san halinka, a rubuto maka layi goma ka amsa da "To."

Jiya na kai ta wurin likita. Ya ce hawan jinin ido ne, kuma maganin ɗigawa ya daina kamawa. Na hagu ya kusa tafiya, na dama da sauransa. Ya ce abin da ya tafi ba ya dawowa, wanda ya rage kawai ake cetowa, kuma sai da aiki. Injin aikin babu shi a nan, sai a babban asibitin ido na garinku. Ya yi musu magana, sun ba mu ranar ashirin ga wata. Ni likitana ya hana ni doguwar tafiya saboda jinina ya hau, maigidana kuma ba zai bar ni ni kaɗai ba. Amma na tambaya a filin jirgi, sun ce suna ɗaukar tsofaffi a keke har kujerarsu, su kuma miƙa su hannun mai tarya a can.

Ka san inda matsalar take. Jirgi ɗaya ne tsakaninmu da ku, na ƙarfe goma na safe, awa ɗaya da minti arba'in. Shi Baba ya shiga shekara goma sha tara da suka wuce, zai kawo maka kayan sanyi a shekararka ta farko a jami'a. Ina 'yar shekara takwas lokacin. Abin da nake tunawa shi ne mutane sun cika falo, wani yana ta maimaitawa cewa a minti na hamsin aka daina jin su, suna kan teku, kuma ko tsinke ba a samu ba.

Kai ba ka zama da mu, ba ka san yadda abin ya koma ba. Har yau in jirgin ya wuce ta kan rufinmu da ƙarfe goma, Inna takan yi shiru. Ko tsakiyar faɗa take da mai kawo ruwa, nan maganar ke yankewa. Ta zauna a kujerar Baba, ba ta amsa sallama, ba ta shan ruwa. Can wajen tsakiya sai ta ajiye duk abin da ke hannunta. Na taɓa duba agogo, Yaya, minti hamsin ne cif, kuma ba agogo take gani ba. Sai sha biyu saura minti ashirin ta ce, "To, sun sauka," ta tashi ta ɗora tukunya. Maƙwabta sun saba, ba mai shigowa aron komai a wannan lokaci. Ni a cikinsa na girma, amma har yanzu tsigar jikina takan tashi.

Da muka dawo daga asibiti na gaya mata maganar jirgi. Ba ta ce eh ba, ba ta ce a'a ba. Sai da muka yi nisa da wata hira ta ce, "Har yanzu ta kan ruwan nan suke bi, ko sun sauya hanya?" Na ce ban sani ba. Ta ce, "Ki tambayi Dogo, shi ne mai lissafin hanyoyi."

To ga shi na tambaye ka. Ka amsa da wuri, kuma ba da "To" ba.

Ƙanwarka,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso. Muna lafiya, Antinki na gaishe ki, ta ce ki riƙa ɗora ƙafa a kan matashi, ki rage gishiri. Yara sun ce a gaida Inna.

Kin yi kuskure da kika ɗauko mata maganar jirgi. Ba ki ji tambayar da ta yi ba? Matar da ta yi shekara goma sha tara ba ta iya buɗe baki in jirgin na sama, ita za ki ɗora a kansa ita kaɗai, da ido ɗaya da rabi? Amsar tambayar tata eh ce, ta nan suke bi, don babu wata hanyar. Amma kada ki gaya mata.

Aikina ke nan, tsara wa manyan motocin kamfani hanya, saboda haka ki saurara. Ta sama kilomita dubu ɗaya da ɗari biyu ne, don miƙewa ake yi a ƙetare ruwan. Ta ƙasa ya fi ninki biyu, don zagaye shi ake yi. Jirgin ƙasa daga garinku zuwa mahaɗa yini guda, a kwana a can, a shiga bas zuwa gindin duwatsu, a sake shiga wani jirgin ƙasan. Kwana biyu da yini, in ba a sami matsala ba. Hanyar da nake bi ke nan duk zuwan da nake yi gida, na san kowace tasha, na san inda ake samun ruwan zafi da banɗaki mai tsabta. Zan kama mata ɗaki mai gado a jirgin ƙasan.

Ni zan zo in ɗauke ta da kaina. Sai dai yanzu muna tsakiyar kwasar kaya, direbobi biyu sun ajiye aiki, manaja ba zai sake ni ba sai farkon wata mai zuwa. Na je asibitin na roƙe su, sun ɗaga ranar zuwa goma ga wata mai kamawa. Mako uku ba wani abu ba ne. Ki ci gaba da ɗiga mata maganin a kan lokaci.

Kada ki tsaya jayayya da ni, na riga ki sanin Inna.

Yayanki

*

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Mun gode da saƙon Anti, ina ɗora ƙafar, gishirin ne dai muke kokawa da shi.

Na karanta jadawalinka, sannu da ƙoƙari. Saura kaɗan ka rubuto mini sunan mai shayin kowace tasha. Amma ka manta da ƙugun Inna? Daga nan zuwa asibiti, minti ashirin a tasi, sai da muka riƙe ta mu biyu kafin ta iya miƙewa. Ita za ka zaunar kwana biyu da yini a kan hanyar duwatsu? Kuma wa ya ba ka izinin ɗaga ranar ba ka tambayi kowa ba? Da na gaya wa likita, cire tabaraunsa ya yi ya kalle ni kamar ni na aikata. Ya ce ba mako uku ba, ko kwana uku yana jin tsoronsu.

Ban gaya mata amsarka ba, kamar yadda ka ce. Amma ta sake tambaya sau biyu. Ni fa, Yaya, ban ji tsoro a muryarta ba. Na san muryar Inna in tana tsoro, na ji ta ranar da aka shiga da ni ɗakin tiyata ina yarinya. Wannan ba ita ba ce. Ta fi kama da muryar mai tambaya ko shagon da ta saba zuwa yana nan har yanzu.

Ga wani abu kuma. Ta sa na sayo mata zaren ulu ruwan toka, ta ɗauko ƙarafan saƙarta da na ɗauka sun ɓata tuntuni. Da lalube take yi, tana ƙirga idon saƙar da yatsa. Na ɗauka na jariri ne, na ce mata, "Inna, wannan ai ya yi wa jinjiri girma, ko giwa kike zaton zan haifa?" Ta ce in ji da kumburina. A lokacin shirun nata take saƙar yanzu. Ba ka jin komai a gidan sai ƙaran ƙarafan nan, ƙas, ƙas, ƙas, har a kai tsakiya ta ajiye su a cinya. Shekaranjiya na leƙo na gan ta a haka, fuskarta na kallon sama, bakinta na motsi ba sauti. Na koma ɗaki na yi kuka, ban san dalili ba.

Don Allah ka koma asibitin ka roƙe su su mayar da ranar farko. Awa ɗaya da minti arba'in ne kawai. Ko duba littattafan 'yan ajina ba na gamawa a cikin wannan lokacin.

Auta

*

Yaya,

Ba zan tsaya doguwar gaisuwa ba. Muna raye.

Ba ka amsa takardata ba. Na kira ka, ka ce kana wurin awon mota za ka kira ni, ba ka kira ba. Ashirin ga wata ta zo ta wuce.

Ran Talata da safe na shiga da shayinta, na tsaya ta hagunta ina miƙa mata kofi. Ta ci gaba da kallon ƙofa tana ƙwala mini kira, "Auta, shayin fa?" Ina tsaye kusa da ita har numfashina na taɓa mayafinta. Na kai ta asibiti, likita ya haska fitilarsa ya kashe. Na hagu ya tafi gaba ɗaya. Na dama ya ce kamar mai leƙe ta cikin bututu take gani, kuma bututun yana tsukewa.

Ka san abin da ta ce a tasi? "Allah dai ya sa in ga fuskar abin da za ki haifa, ko da sau ɗaya ne." Ta faɗa tana dariya. Ni ban yi dariya ba.

Na yi ta juya takardarka ina neman abin da ka ɓoye a ciki. Bari in faɗa maka abin da na ƙarasa a kai, in ya so ka ji haushi. Ina ganin ba ka son ta zo ne. Ko gidan ne ya yi muku kaɗan, ko Anti ce ba ta son ɗawainiyar makauniya, ko kai ne kake jin nauyin a ga tsohuwarka tana lalube a gaban abokan aikinka. In haka ne ka fito fili. Zan nemi ƙanwar ƙawata da ke karatu a garinku ta tare ta, ta kwana da ita a asibitin. Ba sai ka ɓata takalminka ba.

Kai ne babba, ban taɓa ɗaga maka murya ba. Amma ido ɗaya ya tafi a kan jadawalinka, kuma ni ce nake tsaye ta hagunta kullum.

Auta

*

Auta,

Na karɓi takardunki biyu. Ta farkon na rubuta amsarta sau uku ina yagawa. Ta biyun Antinki ce ta fara karantawa, don na bar ta a kan tebur na fita. Da na dawo ta ce mini in ban gaya miki gaskiya ba ita za ta gaya miki. Ki cire ta daga zarginki. Tun ranar da ta ji maganar asibiti ta kwashe yara daga ɗakinsu, ta wanke labule, ta sa aka kafa ƙarfen riƙewa a banɗaki.

Ba Inna nake karewa ba. Ni ne ba zan iya ba.

Ku kun san gefenku na wannan rana. Ba wanda ya taɓa tambayata gefena, ni ma ban taɓa faɗa ba. Na je filin jirgi tun kafin sha ɗaya, da aron takalmin abokin ɗakina, don Baba ya ga ɗansa ya waye. Akwai allo babba a zauren tarya, da sunan garinmu a layi na uku. Da sha biyu saura minti ashirin ta yi, sai aka rubuta a gabansa cewa an sami jinkiri. Ban damu ba, na sayi lemo. Jirage suka yi ta sauka, layukan sama da na ƙasa suna sauyawa, namu yana nan. Ƙofar gilashin nan mai buɗe kanta ta yi ta buɗewa, duk wanda ya fito da farar riga sai in taka gaba. Wajen la'asar wani ma'aikaci ya zo ya tsaya a ƙarƙashin allon bai kalli kowa ba, sai layin ya goge. Ba a rubuta komai a wurinsa ba, aka bar gurbin baƙi.

Tun daga ranar ban sake taka zauren nan ba. In kamfani ya yi baƙo, wani nake turawa. Kun sha yi mini tsiya wai ina son jirgin ƙasa don in yi ta sayen tsaraba a tasha. Ba tsaraba ba ce, ruwan nake zagayewa.

Ga abin dariya, in abin dariya ne. Garejinmu da gidajen ma'aikata suna bayan katangar filin jirgin, daidai inda jirage ke sunkuyowa. Kullum sha biyu saura minti ashirin naku yake wucewa ta kanmu. Ni kuwa da na ga sha ɗaya da rabi sai in tashi in shiga ɗakin tayoyi, inda injin iska ke ruri, in tsaya kamar mai duba kaya. Yaran gareji sun ɗauka ƙwazo ne. Ranar hutu kuma banɗaki nake shiga in saki ruwa. Kin ce Inna takan yi shiru, to ni hayaniya nake nema.

Da na karanta cewa za a sa ta a jirgin, abin da na gani ke nan: ni a tsaye ƙarƙashin allon nan, da sunan garinmu a kai, uwata a sama. Na zauna na tsara hanyar ƙasa har na yarda da kaina cewa don ita nake yi. Yanzu idonta ya tafi. Ban san da wace fuska zan kalle ta ba, ita kuma ba za ta ga fuskar ba.

Na kama hanya in zo yanzu, ko da za su kore ni daga aiki? Ki gaya mini abin da zan yi. Wannan karon ke ce babba.

Yayanki

*

Dogo,

Ni ce, uwarka. Auta ce ke rubutawa, ni ke faɗa, na kuma ce mata in ta ƙara ko ta rage zan sani. Ina gaishe ka, ina gaida matarka da jikokina. Ƙuguna da sauƙi. Idon kuwa ka ji labari.

Kun ɗauka ban san kuna rubuce-rubuce a kaina ba. Ina jin ƙaran biro a ɗakinta, ina jin ta tana jan hanci. Da takardarka ta zo na ce ta karanta mini, ta ce ta makaranta ce. Na ce to karanta mini ta makarantar. Ta karanta duka.

Ban san ka je da takalmin aro ba. Da babanka ya gani da ya yi dariya har ya ƙware.

Ka saurare ni. Ni ba tsoro nake ji ba. Na tambaya ko ta kan ruwan suke bi ne don in sun sauya hanya ba ni da abin yi a cikin jirginsu. Kowace mace a layinmu da mijinta ya rasu ta san inda yake, tana iya nuna wurin da yatsa. Ni ba ni da wurin nunawa sai wani minti. Shekara goma sha tara ina raka shi daga kujera, in kai shi wurin, in tsaya. Ragowar hanyar da baki kawai nake cewa sun sauka. Ina so in je wurin da jikina sau ɗaya, tun ina da sauran abin da zan leƙa da shi.

Maganar idon hagu, kada ka ɗora wa kanka fiye da rabonka. Ka yi wauta, na kuma yafe. Amma na dama ba zan ba ka shi ba, ina da aiki da shi.

Kada ka kama wata hanya. Mijin Auta ya yanki tikiti, likita ya yi magana da mutanensa, sun ce in zo ran Alhamis a yi aikin ran Asabar. An ba ni kujerar taga. Ban ce dole ka shiga zauren ba. In ba za ka iya ba, ka turo matarka, ba zan yi fushi ba. Amma ka sani, wanda aka aika ya tari babanka kai ne, kuma har yau ba a sallame ka ba. Ni ma ina da saƙon da zan ba ka hannu da hannu.

Allah ya yi maka albarka.

Inna

(Yaya, ni ce. Ka yafe mini abin da na faɗa a kan Anti, ka ba ta haƙuri. Ban ƙara komai ba sai wannan.)

*

Auta,

Assalamu alaikum. Ya jikin naki? Na san kin ji muryarmu a waya, amma Inna na gefena, kin kuwa san kunnenta. Ga cikakken labarin.

Na shiga zauren. Antinki ta riƙe mini hannu kamar yaron da za a yi wa allura. Sun sauya komai, allon ma yanzu talabijin ne, amma ƙamshin wurin yana nan, na maganin goge ƙasa da sanyin na'ura. Na nemi sunan garinmu na same shi. Na jingina da ginshiƙi.

Sha biyu saura minti ashirin ta yi, ba a rubuta ya sauka ba. Aka ƙara minti biyar. Sai kalmar nan ta fito, an sami jinkiri. Auta, ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Wani mai gadi ya zo yana tambaya ko ciwon suga ne da ni. Ni da nake gaya wa direbobi kullum cewa lokacin da ke kan takarda ba alkawari ba ne, na san iska kan tare jirgi ta ƙara masa minti goma ko sha biyar. Sanin bai yi mini amfanin komai ba. Ina zaune ina kallon layin, ina jiran ya goge.

Bai goge ba. Ya sauya, aka rubuta ya sauka.

Ita ce ta ƙarshen fitowa, a keke, da jakarta a cinya ta rungume. Ƙofar ta buɗe, ta juyar da kai gefe tana laluben mutane da idon daman nan. Ban iya kiranta ba. Ita ce ta ce, "Wancan dogon da ke kuka nawa ne, ku kai ni wurinsa."

Wata 'yar kasuwa da suka zauna tare ta rako kekenta har wurinmu. Ta ja ni gefe ta ce, "Ɗana, tsohuwarka lafiya take kuwa?" Ta ce tun da aka tashi Inna ba ta ce uffan ba, aka kawo shayi ta ƙi. Can sai ta ce, "Baiwar Allah, duba mini ƙasa, mun kai?" Matar ta leƙa, ta ga ba komai sai ruwa. Inna ta manna goshinta a gilashin, ta ɗora tafin hannu, ta fara magana ƙasa-ƙasa kamar mai ba da labarin gida. Matar ta ji tana cewa an gyara katangar baya, Auta ta zama malama ta yi aure tana da ciki, Dogo ya yi tumbi, 'ya'yansa uku, na tsakiyan ya ɗauko kunnuwanka. Ta daɗe a haka. Sannan ta ce, "To, ka huta. Ni zan ƙarasa." Ta juyo ta ce a kira yarinyar nan ma'aikaciyar jirgi ta dawo da shayinta.

Na tambaye ta a mota ko ta ga ruwan. Ta ce ta ga wani haske mai faɗi yana ƙyalli, ya ishe ta.

Saƙon kuwa tun a zauren ta ba ni. Ta zuge jaka ta ciro rigar sanyi ruwan toka, ta ce, "Irinta na ba babanka ya kawo maka. Bai ƙaraso ba, ga ta." Da awon da ta sani ta saƙa, na yaro ɗan shekara ashirin. Na sa ta a nan tsakiyar mutane, rana tsaka, ana zafi. Ta tsaya mini a saman cibiya, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Inna ta shafa ta ce laifin tumbina ne, ba na saƙarta ba. Ban cire ba har gida.

Ran Juma'a da sassafe aka kwantar da ita a asibiti, aka yi aikin ran Asabar. Likitan ya ce sun riƙe abin da suka tarar. Ba zai ƙaru ba, amma in aka kiyaye magani ba zai ragu ba. Ya ce za ta ga fuskar jariri in an kawo shi kusa. Saboda haka ki yi ƙoƙari ki haifo mai kyau.

Saura abu ɗaya. Jiya Lahadi muna falo, tana kwance a doguwar kujera da bandeji a ido, yara sun kewaye ta. Ƙarfe goma ta yi, na kalli Antinki, ta kalle ni. Inna tana tsakiyar ba su labarin yadda na taɓa faɗawa kwata da kayan makaranta, ba ta tsaya ba, har ta kai ƙarshe ta fara wani. Da sha ɗaya da rabi ta yi, ƙafata da kanta ta miƙe za ta kai ni banɗaki. Inna ta ce, "Ina za ka? Zauna." Na zauna.

Sai ga shi ya taho. Gilashin taga ya ɗauki rawa, cokali ya yi ƙara a cikin kofi. Ya wuce ta kanmu ƙasa-ƙasa, muka ji ƙugin da yake yi in tayoyinsa sun taɓa ƙasa, har ya lafa. Inna ta ɗaga kai tana bin sautin.

Ta ce, "Namu ne?"

Na ce shi ne.

"Kullum ta nan yake bi?"

Na ce kullum.

Ta ce, "Shekara goma sha tara ina jin tashinsa. Ban taɓa jin saukarsa ba sai yau."

Ta ce yau Litinin a jawo mata kujera kusa da taga, kuma in dawo daga gareji in zauna da ita. Na riga na gaya wa manaja.

In an cire bandejin aka sallame ta, ni zan rako ta. Na yanki tikiti biyu. Ki gaya wa maigidanki ya zo tarya, kuma in ya ga an rubuta jinkiri kada ya damu, iska ce.

Yayanki,
Dogo